Gidan da Mamman Ya Bari a Cikin Na'ura

A takardar da na sa wa hannu a Kano an rubuta cewa zan yi aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibitin kuɗi a Jidda. Har farar riga na ɗinka sabuwa, da sunana a kan aljihu. Da aka gama mini iƙama, wato takardar izinin zama, da lasisin tuƙi, sai mudir ɗinmu, wato shugaban sashenmu, wani siririn Balarabe da ake kira Abu Rayan, ya miƙo mini makullin mota da kula mai ƙanƙara. Ya ce ɗakin gwaji ya cika, aikina shi ne bin gidaje ina ɗebo jinin tsofaffi da marasa lafiyar da ba sa iya fitowa. Na kira ejan ɗin da ya yi mini hanya, ya ce ai jini jini ne, ko a ɗaki ko a mota. Daga ranar bai ƙara ɗaga wayata ba.

Abu Rayan bai ɓoye mini komai ba. Wata uku zan yi na gwaji. Duk jinin da na ɗeba dole ya isa ɗakin gwaji cikin awa biyu, in ya wuce haka zubarwa ake yi. Takardar gargaɗi uku kawai ake ba mutum, a ta ukun kafili, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, zai yanka masa tikiti ya koma inda ya fito. Ni kuwa na ajiye aikina na babban asibiti a Gusau, an yi mini walimar bankwana, matata Hauwa da 'yarmu sun tare a gidan mahaifina suna jiran in aiko musu da biza. Ban ga da wace fuska zan sauka a tashar Gusau bayan wata uku ba.

An ba ni ɗaki a unguwar Safa, a wani bene da nake rabawa da Kabiru, wani nas ɗan Kano da ya riga ni zuwa da shekara biyu. Mutumin kirki ne, shi ya koya mini inda ake sayen shinkafa da yadda ake gaida 'yan sanda. Shi ne kuma ya ja mini kunne a kan Hausawan tsofaffin unguwanni. Ya ce da yawansu ba su da takardu, in aka zo kame ba a tambayar wa ya yi digiri, don haka ko na ji an yi mini Hausa a titi in yi kamar ban ji ba. Na ɗauki shawarar, na kuma ƙara mata nawa girman kan. A lokacin ina ganin ni ma'aikacin lafiya ne da aka gayyato, ba na cikin waɗanda suka zo Hajji suka maƙale.

Jidda ba ta san da digirina ba. A Gusau in ka ɓata sai ka sauke gilashi ka tambayi mai shayi, ya bar tukunyarsa ya nuna maka, wani lokaci ma ya shigo motar ya raka ka. A nan kowa gilashinsa a rufe, titi ɗaya layi huɗu, in ka kuskure kwana guda sai ka yi tafiyar da za ta kai ka Kwatarkwashi kafin ka sami wurin juyowa. Larabcina kuma na Islamiyya ne. In na tsayar da mutum na tambaye shi hanya sai ya saki baki yana kallona, wani ma ya taɓa ce mini amin da na gama, wai ya ɗauka huɗuba nake yi.

Gargaɗin farko na same shi a sati na biyu. Na hau wata gadar sama da bai kamata in hau ba, ban farga ba sai ga ni a bakin tashar jiragen ruwa tsakanin manyan motoci. Na biyun ya fi ciwo, don a cikin Safa ɗin kanta na ɓata, benaye duk launi ɗaya, kantuna duk iri ɗaya. Aka zubar da jinin mutum huɗu. Washegari na koma na sake huda hannun wata tsohuwa da jijiyarta ke da wuyar samu, ta kau da kai. Da yamma na ajiye mota a bakin teku na kira Hauwa, na ce mata aiki lafiya lau, har ana yabona. Da na kashe wayar na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Wani Basudane mai sayar da shayi a wurin ya kawo mini kofi ɗaya, ya ƙi karɓar komai, bai kuma tambaye ni abin da ya faru ba.

Kabiru ne ya ce in nemi na'urar nuna hanya, wadda ake mannawa a gilashin mota. A lokacin wayoyin irinmu ba su iya wannan aikin ba. Ya kwatanta mini wani ɗan shago a Bagdadiyya, na wani Ilu mutumin Maraɗi, ya ce in saya in fito, ban da zama. Ilu ya gan ni ya yi mini sannu da Hausa, na amsa masa da Turanci. Ya yi murmushi ya ce to Mushe, yadda suke ce wa ɗan boko da Faransanci, ya ciro na'urar daga kwali, ya rantse mini sabuwa ce dal, ko kunna ta ba a taɓa yi ba. Na kai ta mota na manna, na soka wayarta a ramin kunna taba. Tana kawo wuta sai wata mata ta fara zuba mini Faransanci.

Na koma shagon a fusace, kuma a nan Turancin ya gudu, Hausar Zamfara ta fito da kanta. Ilu ko a jikinsa. Ya ce ai sabuwa ce a wurina. Ta wani Mamman ce, direban gida mutumin Tawa, wanda ya shekara goma sha tara yana tuƙa iyalin wani Balarabe, ciwon baya ya sa ya tattara ya koma gida. Ilu ya karɓa ya mayar mini da ita Turanci, ya ce bari ya goge wuraren da Mamman ya ajiye a ciki don ta zama tawa sosai. Bai kai ga yi ba aka kira sallar la'asar. A Jidda ta wancan lokacin in an kira salla rufe shago ake yi, ba wani jira. Ya miƙo mini ita ya ja ƙofarsa, ya ce in dawo wani lokaci. Ban koma ba.

Ba zan ci amanar na'urar nan ba, ta yi mini rana. Na sa mata suna Malama, don ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. In na kuskure kwana ba ta tsaki, ba ta ce ai na gaya maka, sai ta yi ɗan shiru ta sake lissafi ta ba ni wata hanyar. Tana da nata halin. In rana ta take, robar da ke riƙe ta sai ta saki, ta faɗo mini a cinya tana ci gaba da magana. Ba ta san inda ake gyaran titi ba, sau biyu tana tura ni cikin shingen ma'aikata. Duk da haka na yi sati biyar ban makara ko sau ɗaya ba, har na fara cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

In ina jiran a buɗe mini ƙofa a wani gida nakan buɗe jerin wuraren Mamman in karanta, don a cikin motar nan shi kaɗai ne Hausar da nake gani. Makarantar yara. Likitan haƙorin Madam. Kasuwar kifi. Mai kilishi. Masallaci mai sanyi. Akwai wani wuri da ya rubuta wa "kar a tsaya nan", har yau ban san me ya same shi a wurin ba. A saman jerin akwai ɗan hoton gida, wanda mai na'ura ke ajiye gidansa a ciki don ya danna sau ɗaya ta mayar da shi. Ban taɓa danna shi ba, ban kuma sa nawa ba. Asibitin na ajiye da sunansa, ɗakinmu na Safa kuwa zuciyata ba ta yarda in kira shi gida ba.

Saura kwana tara gwajina ya ƙare aka ba ni gidaje huɗu bayan azahar. Na ɗebi jinin farko ƙarfe ɗaya daidai, ke nan ƙarfe uku dole in kasance a asibiti. Uku na farko ba su ba ni wahala ba. Na huɗun wani dattijo ne mai suna Salihu a Ruwais, tsohuwar unguwa ta kusa da teku, yana shan maganin tsinka jini, likita na jiran sakamakonsa kafin ya sauya masa adadin da zai sha. A takardar ba sunan titi, ba lambar gida. An rubuta lambar waya, sai kuma: bayan gidan burodi, ƙofa shuɗiya.

Malama ta kai ni bakin unguwar biyu saura minti biyar, ta sanar da ni cikin jin daɗi cewa na iso, a tsakiyar titi, kusa da wata kwandon shara. Daga nan lunguna ne da mota ba ta shiga. Na kira lambar sau shida ba a ɗaga ba. Na rataya kula na shiga da ƙafa. Ban ga gidan burodi ba, ban ji ƙamshinsa ba, ƙofofi kuwa akwai kore, akwai ruwan ƙasa, akwai wadda tsatsa ta cinye launinta, ban da shuɗiya. Zafin rana ya kori kowa cikin gida. Mutum biyun da na tarar, ɗaya ya ɗaga kafaɗa, ɗayan ya nuna mini hanyar da ta dawo da ni inda na fara. Na kira Abu Rayan, ya ce kar in dawo ba jinin dattijon, kar kuma in wuce ƙarfe uku, ya kashe.

Na koma mota biyu da kwata, rigata ta jiƙe sharkaf. In na tafi ba jinin Salihu, gargaɗi na uku. In na tsaya nema jinin mutum uku ya lalace, gargaɗi na uku. Na zauna ina kallon fuskar Malama kamar za ta ji tausayina. A nan na lura da ɗan hoton gidan nan a kan taswirar, lungu biyu kacal daga inda na tsaya. Na ce a raina in Mamman a nan ya zauna, to akwai mai jin Hausa a wurin. Maganar Kabiru ta faɗo mini, ta kame da ta takardu, na kuma tuna yadda na yi wa Ilu Turanci. Na cire na'urar daga gilashi, na danna hoton, na bi ta a hannu kamar mai bin fitila.

Ta tsayar da ni a wata ƙaramar ƙofa da aka yi wa rumfa da buhu. A ƙarƙashin rumfar akwai benci, da wata tsohuwa baƙa mai ƙiba a kan tabarma tana tsinke zogale a faranti. Ban yi sallama ba. Na ce mata da Hausa, cikin haki, ina neman gidan Salihu mai ƙofa shuɗiya. Ta ɗago ta dube ni tun daga takalmi har farar rigata.

"Daga wane gari aka koro ka, da ba a gaida mutane?"

Na durƙusa. Ina jin agogo na cin naman hannuna, amma na gaishe ta yadda ake gaida uwa, ta amsa ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba. Ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi garinmu. Ta ce sunanta Talle, kowa Inna yake ce mata, daga Damagaram aka zo da ita tana yarinya. Sai da ta gama sannan ta ce in sake faɗin wanda nake nema. Na faɗa, na ƙara da cewa in ƙarfe uku ta yi ban koma ba aikina ya ƙare.

"Ammu Salihu kurma? Ya waladi, ai wayar nan ko a kunnensa ka ɗaura ta ba zai ji ba. Gidan burodin ya fi shekara goma da rufewa, ƙofar kuma an yi mata fenti sau biyu tun rasuwar matarsa. Mu dai shuɗiya muke ce mata. Yalla, ɗaga ni."

Na kama hannunta ta miƙe. Tafiyar da ba ta fi ta minti ɗaya ba mun yi ta a huɗu, don Inna Talle gwiwa ta ci ta, kuma duk tagar da muka wuce sai ta yi wa mai ita magana, rabi Hausa rabi Larabci. Sau biyu ina buɗe baki in ce ta yi sauri ina haɗiye maganar. Ta tsaya a wata ƙofa ruwan ƙasa da na wuce sau uku a ranar. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta sa hannu ta wata kafa ta ja igiya, sakata ta buɗe. Dattijon na zaune a tsakar gida gaban fanka, wayar tana kan taga da kiran da na yi mata guda shida. Inna ta yi masa ihu a kunne, ya yi dariya ya miƙo hannu. Allah ya taimake ni jijiyarsa a fili take, huda ɗaya na samu.

Na juyo zan yi mata godiya ta ce in ajiye godiyar, halas, wato shi ke nan, in tafi, ranar Juma'a in kawo mata ita da kaina. Na fito da gudu, kuma a nan ne Malama ta biya ni duk faɗowar da ta yi mini a cinya. Ta fitar da ni daga lungunan zuwa mota, ta hau da ni Titin Madina, ta sauke ni ta wata hanya da ban taɓa bi ba. Ban yi mata gardama ko sau ɗaya ba. Na ajiye kula a kan teburin ɗakin gwaji uku saura minti huɗu. Ma'aikacin ya duba agogo ya sa hannu. Na shiga banɗaki na zauna a ƙasa, ina ta maimaita alhamdulillahi kamar wanda bai san wata kalma ba.

Abu Rayan bai yabe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya tambaye ni yadda aka yi na gano gidan, don direbobi biyu kafin ni sun dawo hannu rabbana daga wurin. Na ce ina da 'yan uwa a unguwar. Na faɗe ta ne don in burge shi, sai da ta fita na ji nauyinta. Bayan kwana tara ya kira ni ofis ya tura mini takardar tabbatar da aiki. A ranar na kira Hauwa na gaya mata gaskiyar wata ukun nan duka. Ta ce ai ta sani, muryata ba ta iya ƙarya ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na koma Ruwais da lemo da sukari. Kabiru ya ce in dai riƙe iƙamata a aljihu, na ce tana nan. Na tarar da rumfar cike da maza, direbobi da masu gadi da teloli, 'yan Nijar da 'yan Chadi da namu, kowa da kwanon tuwo miyar kuka. Aka matsa mini a benci ba wanda ya tambaye ni takardar makaranta. Loma ta farko na ji hawaye na neman kunyata ni, na ce yaji ne.

Da mutane suka ragu Inna Talle ta tambaye ni wa ya kwatanta mini ƙofarta ran nan. Na ciro na'urar na nuna mata. Na ce ta Mamman ce mutumin Tawa, kuma nan ya ajiye a matsayin gidansa, shi ya sa na ɗauka a nan yake zaune. Ta karɓa ta juya ta a hannu, ta kai ta kusa da ido duk da ba ta karatu.

"Mamman bai taɓa kwana a nan ba," in ji ta. "Ɗakinsa na bakin get ɗin kafilinsa, can wajenku a Safa. Juma'a kawai yake zuwa, ya zauna inda kake zaune, ya ci ya tafi."

Ta shafa fuskar na'urar da babban yatsa. Sannan ta miƙo mini, ta ja kwanona ta ƙara mini miya ba tare da na nema ba.

Na ƙara wurare da yawa a jerin Mamman bayan nan. Na sa ƙofar Ammu Salihu, na rubuta mata shuɗiya. Na sa mai shayin bakin teku. Na koma wurin Ilu na gaishe shi da Hausa, ya ce ko in kawo ya goge mini tsofaffin wuraren, na ce ya bar su. Bayan shekara aka sami gurbi a ɗakin gwaji, na sa farar rigata a inda aka ɗinka ta domin shi, aka kuma ba ni izinin kawo iyali.

Ranar Juma'a jirginsu ya sauka, da hantsi. Na sa kayansu a but, 'yata ta ƙi yarda in ɗauke ta don ta manta ni, ta maƙale a jikin uwarta. Hauwa ta zauna a gaba tana kallon titunan nan masu layi huɗu, ta tambaye ni ko da nisa zuwa inda za mu. Na ce akwai wadda za mu fara gaisarwa, kuma ta shirya, don ba a yi mata gaisuwa a tsaye. Na manna Malama a gilashi, na danna ɗan hoton gidan.